Kafin a sayar da fili don ƙarin ruwan ketamin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana malamin makaranta ne, kuma shekara uku ke nan yana fama da ciwon damuwa. Ya daina fita majalisa, abinci sai na matsa masa, wani lokaci yakan wuni a ɗaki fuskarsa na kallon bango. An ba shi magani a asibiti ya sha na ɗan lokaci ya bari, an kuma yi masa ruƙiya, amma sauƙin bai ɗore ba. Yanzu ƙanensa ya samo labarin wani asibitin kuɗi a Abuja da ke yi wa masu irin wannan larura ƙarin ruwa da wani magani mai suna ketamin, tare da zaman tattaunawa, wai cikin kwana ɗaya mutum ke warwarewa. Kuɗin da suka yanka mana ba zai samu ba sai na sayar da filin da na gada. Shin in sayar? Daga wata uwargida a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba Malam lafiya, Ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi. Shawarata ita ce kada ki sayar da filin yanzu, ko da yake maganin da aka ba ku labari ba na 'yan damfara ba ne.

Ketamin tsohon maganin tiyata ne. An haɗa shi a Amurka a 1962, aka amince da shi a matsayin maganin sa barci a 1970, kuma har gobe ana amfani da shi a ɗakunan tiyata na ƙasar nan, domin ba ya danne numfashi kamar wasu takwarorinsa. A shekarar 2000 ne masu bincike a Jami'ar Yale suka wallafa cewa ɗan kaɗan daga cikinsa, ƙasa da abin da ke sa barci, yana sassauta ciwon damuwa cikin sa'o'i, alhali magungunan da aka saba bayarwa sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsu. Yawancin waɗancan suna bi ta kan wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin ne, shi kuwa ketamin ta kan wani sinadarin daban mai suna gulutamet yake bi, shi ya sa yakan taimaki wasu da sauran magunguna suka gaza a kansu. Yadda aka fi yin sa shi ne a auna rabin miligiram a kan kowane kilo na nauyin majinyaci, a sa masa ta jijiya a hankali cikin minti 40, a maimaita kamar sau shida cikin mako biyu zuwa uku.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne sauƙin ba ya zama. Bayan ƙarin ruwa ɗaya, yakan gushe cikin kwanaki ko mako guda, kuma ko bayan an kammala shidan, mutane da yawa sukan koma gidan jiya idan ba a ci gaba da wani abu ba. Akwai kuma waɗanda ba ya yi musu aiki sam. Ke nan kuɗin da aka yanka muku na shiga ne kawai, fili kuwa sau ɗaya ake sayar da shi. Ki tambaye su a rubuce nawa ne kuɗin kowane zama na gaba, sannan ki ɗora kuɗin mota ko na jirgin ƙasa daga Rigasa, da masauki, da na mai rakiya, tun da ba a barin wanda aka yi wa ya tuƙa mota sai washegari.

A cikin wasiƙarki, inda na fi tsayawa shi ne inda kika ce ya sha magani na ɗan lokaci ya bari. Likitoci suna kai wa ga ketamin ne idan an gwada aƙalla magunguna biyu daban-daban, kowanne a cikakken awo kuma na tsawon makonnin da suka kamata, ba a dace ba. Wanda ya sha na kwana goma ya ajiye saboda bushewar baki ko yawan barci bai shiga wannan sahu ba tukuna. Don haka ki tattara katinsa na asibiti da kwalayen duk abin da ya taɓa sha, ko da babu komai a ciki, ki zuba a leda ku tafi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Na san nauyin da mutanenmu ke ji idan aka ambaci Barnawa, amma jin kunyar mara lafiya asara ce. A can za a tantance ko ciwon damuwa ne zalla, ko kuwa irin wanda ke sauyawa tsakanin ƙunci da zumuɗi mai wuce kima, domin maganinsu ya bambanta. Za a kuma duba hawan jini, saboda ketamin yana ɗaga jini yayin da ake sa shi, kuma ba a son sa ga mai ciki ko mai jin muryoyin da babu su ko wanda ya taɓa faɗawa shaye-shaye.

Batun zaman tattaunawa kuwa, kada ki ɗauke shi a matsayin gyara da aka ɗora a kan ciniki. Kwanakin da nauyin ya ɗaga daga ƙirjin majinyaci su ne lokacin da zai iya zama da masanin halayyar ɗan Adam ya warware tunanin da ke cin sa, ya sake tsara barcinsa da fitarsa da komawa aji. Ƙananan bincike sun nuna cewa irin wannan zama na iya tsawaita sauƙin, ko da yake hujjar ba ta yi ƙarfin da talla ke nunawa ba. Ki tambaya wane ne zai yi zaman, mene ne horonsa, sau nawa za a yi, kuma da wane harshe, domin mutumin da zai buɗe cikinsa ya fi sakewa da harshen da yake mafarki da shi. Irin wannan zama ana iya fara shi a kusa da gida tun yanzu ba tare da ketamin ba, kuma bai hana addu'a da ruƙiyar da kuke yi ba.

Idan kuwa Malam ya taɓa furta cewa ya gaji da rayuwa ko yana son ya kashe kansa, kada a jira ranar ganin likita, a kai shi sashen gaggawa a ranar, a kuma kawar da fiya-fiya da magunguna daga inda hannunsa zai kai.

Tambaya: Malam, abokina da ke aiki a ɗakin tiyata ya ce kwalbar ketamin ba ta da tsada, kuma akwai nas a layinmu da za ta iya sa wa yayata ruwan a gida. Me zai hana mu yi haka? Daga wani ɗalibi a Samaru.

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya ne kwalbar ba ta da tsada, domin abin da ake biya a asibiti shi ne sa ido. Wanda ake sa wa ruwan yakan ji kamar ya rabu da jikinsa, ɗaki ya riƙa nisa da shi, wani ya firgita, wani ya yi amai, jini kuma ya hau, shi ya sa ake ajiye na'urar awon jini da iskar oksijin da likita a kusa. Ko Spravato, nau'in da ake shaƙa ta hanci wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019, sharaɗinsa shi ne a shaƙa a asibiti a zauna ƙarƙashin kulawa na awa biyu. Yawan amfani da ketamin ba bisa ƙa'ida ba yana sa mutum ya kasa rabuwa da shi, yana kuma lalata mafitsara har mutum ya riƙa fitsarin jini. Ɗan wasan kwaikwayon Amurka Matthew Perry, wanda ya mutu a Oktoban 2023, ana yi masa wannan jinya a asibiti, sai ya koma saye ta bayan fage ana yi masa allura a gida, kuma binciken gawa ya nuna ketamin ne sanadi. Abokinka ma zai jefa aikinsa cikin hatsari idan ya fitar da maganin tiyata ba da izini ba. Ka raka yayarka Shika, ka riƙe mata kati a layi.