Albashin Malami da na Sauran Ma'aikata

Tambaya: Ni malamar firamare ce. Ƙawata da muka gama jami'a tare tana aikin banki, albashinta ya ninka nawa. Maigidana ya ce ai mu muna da dogon hutu, don haka ba a cuce mu ba. Gaskiya ne?

Amsa: Malama, maigidan naki hutu yake ƙirgawa, bai ƙirga daren da kike raba wa duba littattafan yara da shirya darasin gobe ba. Wannan aikin ba ya cikin jadawalin makaranta, shi ya sa masu lissafi ke tsallake shi.

Akwai ma'auni. Tun 1966 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da ilimi (UNESCO) da ƙwadago (ILO) suka ba da shawarar cewa albashin malami ya yi daidai da na masu irin takardunsa a wasu ayyuka. Har a ƙasashe masu arziki, rahotannin OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da galibin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, sun sha nuna cewa galibin malaman firamare suna karɓar ƙasa da sauran masu digiri.

Dalilin, a ganina, yawa ne. Malamai na cikin rukunin ma'aikatan gwamnati mafi girma, ƙarin ɗan kaɗan ga kowa sai ya zama dutse a kasafin kuɗi, sai a yi ta jan ƙafa. Banki kuwa ribarsa a bayyane take duk wata.

Sakamakon ya fara fitowa: a 2024 UNESCO ta ce duniya na buƙatar sababbin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabin miliyan 44 ɗin don cike gurbin masu barin aikin ne.