Amsa kan kwamfuta mai aiki da haske da neman kalma cikin rubutu

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena na Gusau da ke tambaya ko da gaske akwai kwamfuta mai aiki da haske da za ta nemo mishi kalma nan take cikin littafan mahaifinshi da ya ɗauka hoto, bari in sa baki tunda na sha wahalar wanga abu lokacin furojet ɗina na fiziks.

E akwai, kuma tsohon zance ne. Tun 1931 Emanuel Goldberg da ke aiki a Jamus ya samu rajistar wani inji mai haska fim ɗin takardu, in alamar da kake nema ta dace da wadda ke kan fim sai ya tsaya wurin. A 1964 kuma VanderLugt na jami'ar Michigan a Amurka ya fito da dabarar da mu munka kwaikwaya. Za ka haska leza ta ratsa hoton shafi, gilashi na farko, irin mai tattara haske (lens), ya juya hoton zuwa abin da ake kira Fourier, wato hasken ya rarrabu gwargwadon siranta ko kaurin layukan da ke cikin hoton, hasken ya bi ta wani ɗan faifan tace haske mai ɗauke da siffar kalmar da kake nema, gilashi na biyu ya maido shi, to duk inda kalmar take a shafin sai ɗigon haske ya fito tar. Shafi gaba ɗaya lokaci guda fa, ba harafi bayan harafi ba. Ranar da munka fara ganin ɗigon nan wallahi har tafi munka yi kamar yara.

Amma ƙanena nan daɗin ya ƙare. In gilashi ya gusa ko da kaurin gashi ɗigon ya ɓace, wani ya jingina da tebur ya ɓace, ga shi lokacin hunturu ne ƙura ta ko'ina, mun fi ɓata lokaci wajen goge gilashi bisa ga gwajin kanshi. Sannan shi haske siffa yake gani, bai san kalma ba, da munka ƙara girman rubutun kaɗan ko munka ɗan karkata shafin sai ya ƙi ganewa, to ina ga ajami na hannu da kowane malami da irin alƙalaminshi. Babbar matsalar ma ita ce sai kwamfuta ta ɗora shafin kan ƙaramin allo haske ya ratsa, kamara ta ɗauki sakamakon ta maida ma kwamfuta, saurin da ka samu a tsakiya duk ya zube a ƙofar shiga da fita. Kamfanoni irin Optalysys a Ingila da Lightmatter a Amurka na ta ƙoƙari a wanga fanni, amma ba abin da za ka shiga kasuwa ka sayo ba ne.

Na boko da na Larabci da anka buga da inji, ka sa Tesseract, manhajar da ke karanta rubutu daga hoto, ta maida hotunan su zama rubutun kwamfuta, kyauta ce, laftof ɗinka ta isa ta bincika su cikin daƙiƙu. Na ajami kam ka zauna da Baba ya riƙa karantowa kana bugawa, ko kanun babi kawai ku fara da su.