Saukar da jirgin sama mai taya a wutsiya: ƙafa uku ko ƙafa biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Da jirgi mai taya a ƙarƙashin hanci na koyi tuƙi, yanzu na koma mai ƙaramar taya a wutsiya. Da zarar na taɓa ƙasa sai jirgin ya nemi ƙwacewa gefe. Ina matsalar take? Kuma wace sauka ta fi, ta ƙafa uku ko ta ƙafa biyu? Daga wani ɗalibi, Bukuru, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ƙirar jirgin ce ta jawo haka. Cibiyar nauyinsa tana bayan manyan tayoyi biyu, saɓanin wanda ka saba da shi. Ka ƙaddara ana gudu da Keke Napep da baya: da ya ɗan kauce, sai nauyin ya nemi wuce tayoyin. Haka ƙaramin jirgin nan Piper Cub yake, haka jirgin DC-3 duk girmansa. In ka yi sakaci wutsiya ta zagayo gaba, jirgi ya yi hajijiya a kan titin sauka, wani lokaci har fiffike ya daki ƙasa.

Maganin yana ƙafafunka. Kafa ido can ƙarshen titi, ka riƙa taɓa fedojin wutsiya, wato waɗanda ke juya hancin jirgi dama ko hagu, kaɗan-kaɗan, da wuri, kana saki nan take. Yawancin ɗalibai jinkiri suke yi, sannan su danne feda da ƙarfi, jirgin ya ƙwace ɗaya gefen. Gudu na raguwa, iskar da ke bin wutsiya na raguwa, shi ya sa haɗarin ya fi yawa a ƙarshen gudu, lokacin da mutum ya saki jiki. Birki kuwa a hankali, don in ka danne shi hanci zai kife, farfela ta ci ƙasa.

Ni da ƙafa uku nake fara koyarwa. Za ka riƙe jirgi dab da ƙasa har gudunsa ya ƙare, tayoyi uku su sauka tare, ka jawo sandar tuƙi har cikinka ka riƙe ta nan. Ta ƙafa biyu, wato manyan tayoyi biyu su fara taɓa ƙasa kafin ta wutsiya, tana son ɗan ƙarin gudu. Manyan tayoyi na taɓawa sai ka ɗan tura sanda gaba, in ba haka ba wutsiya ta faɗi, fukafukai su sake ɗaukar iska, jirgi ya yi tsalle. In tsallen ya yi yawa, ba da wuta ka sake zagayowa.

Filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang, kusa da ku a Jos, ya haura ƙafa 4,000 daga matakin teku. Iska ba ta da kauri a nan, musamman da zafin rana, don haka ko ma'aunin gudu ya nuna abin da ka saba gani, gudunka a ƙasa ya fi haka. Ga iskar hunturu daga arewa maso gabas tana bugun jirgi ta gefe. Karkata sanda wajen da take fitowa, kana ƙarawa yayin da gudu ke raguwa, har jirgi ya tsaya cak. Kada ka gwada wannan sai malaminka na cikin jirgin.