Rijiyar burtsatse da shadda a fili ɗaya: ta ina za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce filinka a Kano ƙafa hamsin-sau-hamsin ne, kana son haƙa rijiyar burtsatse da shadda, kuma kana tambaya ko sai da izini. Fara da zanen gini. Injiniyanka ya nuna wurin rijiyar da wurin ramin bayan gida a zanen da za ka kai wa KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar Kano, ka haɗa da takardun fili. Su za su faɗa maka abin da ya rage.

Amma abin da ya fi damuna shi ne tazara. Ana so a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da ramin da ƙazanta ke tsiyaya ƙasa, ƙafa hamsin kuwa mita 15 ce kawai. Don haka leƙa ka ga inda maƙwabta suka sa nasu ramin, domin ƙazanta ba ta san katanga ba. Rijiya ta zauna ta sama, rami ta gangare. In tazarar ba za ta samu ba, a gina ramin rufaffe, a shafe cikinsa da siminti, mota ta riƙa kwashewa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin gefen bututun rijiyar a buɗe. Dole a cike 'yan mitocin saman da siminti, in ba haka ba ruwan damina zai gangaro da datti har cikin rijiyar. Ka kira masanin ƙasa ya auna kafin a haƙa, sannan a gwada ruwan a ɗakin gwaji kafin yara su sha.