Ɗorawa, Parkia da daddawar da ke gaya wa manda baƙi

Wani ɗalibi daga Zariya ya turo yana cewa, Malam a littafin bayoloji an rubuta ɗorawa Parkia biglobosa, wai shin Bature ne ya gano ta?

To ɗana, babu wanda ya gano ɗorawa, kakanninmu suna dafa kalwa suna yin daddawa tun kafin a haifi mai sunan. Parkia daga sunan Mungo Park aka ciro, likitan nan ɗan Sikotland da ya bi kogin Neja har ya halaka a Busa a 1806. Wani masanin tsirrai Robert Brown ne ya laƙaba sunan a 1826, lokacin da yake nazarin tsirran da ayarin Denham da Clapperton da Oudney suka kwaso daga tafiyarsu ta Barno da ƙasar Hausa. Shi Oudney ma bai ga Kano ba, ya rasu a hanya kusa da Katagum a farkon 1824, Clapperton ne ya ƙarasa har Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Haka Turawa suke yi dama, kuka ma Adansonia suke kiranta saboda Bafaranshe Adanson da ya zauna a Senegal.

Amma ni wanda nake ganin ya yi aiki shi ne Dokta Dalziel, likitan gwamnati da ya zauna a Arewa, shi tambayar mutane yake yi ya sunan wannan itacen a wajenku kuma me kuke yi da shi, a 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma babban littafi kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Shi ma an saka wa itace sunansa, hano ko ararraɓi Boswellia dalzielii ake rubuta shi. Sai dai fa masu magani da manoma da mata masu daddawa da suka ba shi bayanin, ba ka jin sunansu a jikin kowane itace.

Kuma duba yadda Hausa ta rarrabe abin: ƙwayar kalwa, garin nan mai zaƙi shi ya ba mu launin ruwan ɗorawa, ɓawon kuma a jiƙa a samu makuba ta daɓe da shafen katanga.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi kuma ta tambayi ma'anar "daddawa gaya wa manda baƙi". Hajiya, manda wani gishiri ne mai duhu da fatake ke kawowa daga wajen Barno, ana sa shi a magani. Daddawa kuwa kin san kalarta. To idan mai laifi ya tashi yana zagin wani da irin laifinsa, kamar mashayi yana yi wa ɗan caca wa'azi, sai a jefa masa wannan. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin manda ba shi ya sa maganar take ɓace musu, ki leƙa wajen masu kayan koli a kasuwa ki ce a nuna miki.