Filin Tambaya: Abbanmu bai yarda akwai hatsari ba

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗaliba ce, kuma damuwata Abbanmu. Tun da ya yi ritaya ba ya rabuwa da waya. A wurinsa babu wani babban mutum da ya taɓa yin mutuwar Allah da Annabi. Jirgin Sarkin Musulmi Maccido kakkaɓo shi aka yi, na Janar Attahiru, babban hafsan sojan ƙasa, ma haka, korona kuwa kasuwanci ce kawai. In na yi masa musu sai ya ce boko ya rufe mini ido. Alhali mutum ne mai ilimi, shekara talatin ya yi yana koyarwa. Me ke sa mutane su yarda da irin wannan, kuma yaya zan yi da shi?
'Yarka daga Samaru, Zariya.

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin ki ɗora wa Abbanki laifi, zo in faɗa miki abin da mu sa'o'insa muka ji da kunnenmu.

Ranar 9 ga Afrilun 1999 dogaran fadar shugaban Nijar, Ibrahim Ba'are Mainasara, suka buɗe masa wuta a filin jirgin saman Yamai. Da firaminista ya fito yi wa ƙasa jawabi, ce mata ya yi shugaba ya rasu a wani mummunan hatsari. Hatsari fa! Ina zaune gindin rediyo na ji shi. Bayan kwana biyu shugaban dogaran nan, Dauda Malam Wanke, ya hau kujera. To mutumin da ya ga haka, yaya za ki sa shi ya haɗiye kalmar hatsari daga bakin hukuma ba tare da ya tauna ba? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Ga kuma abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau. Kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200. Goma sha ɗaya suka mutu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya amince da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano. Saboda haka da aka wayi gari a 2003 ana cewa allurar foliyo na ɗauke da maganin hana haihuwa, ƙasa ta riga ta jiƙa, shuka kawai aka yi. Yayata, Allah ya jiƙanta, ta katanga ta riƙa tura jikokinta maƙwabta in ta ji sallamar masu ɗigo. Na je har gida na yi mata bayani, ta bari na gama sannan ta ce: “Malam, ranar da yaron nan ya yi zazzaɓi na kai shi asibiti, katin ma sai da na saya. Wannan kuma mene ne sirrinsa da ake biyo ni da shi har ɗaki kyauta?” Na yi shiru. Allurar dai lafiyarta ƙalau, kuma dakatar da ita da aka yi wajen shekara guda ya sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. Amma tambayar Yaya tambaya ce, kuma babu wanda ya zauna ya amsa mata ita.

Shirun hukuma shi ne takin jita-jita. Abacha ya rasu ranar 8 ga Yunin 1998, aka binne shi a ranar a Kano ba tare da binciken gawa ba, sai labarin cewa tuffa mai guba aka ba shi ya cike gurbin. Bayan wata ɗaya Abiola ya faɗi yana ganawa da jami'an Amurka, ga kofin shayi a gabansa. Likitocin waje sun duba gawar sun ce ciwon zuciya ne, amma har gobe shayin ake tunawa. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Jidda a Nuwamban 2009, aka shafe wata uku ana yi wa ƙasa ɓoyo, aka dawo da shi cikin dare. In gwamnati ta ƙi magana, teburin mai shayi ba ya ƙi.

Yanzu bari in juyo kan Abbanki, don shi ma ba zan bar shi ba.

Zuciyar ɗan Adam ba ta son babban rashi ya zo da ƙaramin dalili. Jirgin kamfanin ADC da ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja ranar 29 ga Oktoban 2006 ya tafi da mutum 96, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi. Masu bincike suka ce an tashi cikin mummunan yanayi, wata iska mai sauya alkibla farat ɗaya ta daki jirgin, matuƙa suka kasa shawo kansa. Ki auna: Sarkin Musulmi guda a gefe ɗaya, iska a ɗaya gefen. Sikelin bai daidaita ba, sai zuciya ta nemo maƙiyi mai nauyi ta ɗora. Amma ki tuna wa Abba cewa shekara guda kafin nan jirgin Bellview ya faɗi da mutum 117 bayan ya tashi daga Legas, sannan a Disamban 2005 na Sosoliso ya ƙone a Fatakwal, galibin mamatan 'yan makaranta masu komawa gida hutu. Wa ke neman ran 'yan sakandare? Jiragenmu ne dai suke faɗuwa a lokacin, saboda sakaci da tsufa da rashin sa ido. Kuma abin da ke ba ni haushi da labarin maƙarƙashiya kenan: yana wanke mai sakaci. In an ce wasu ɓoyayyu ne suka yi, babu mai tambayar wanda ya ba jirgi izinin tashi.

Sai kuma daɗin zama wanda ya sani. A majalisa, mai cewa “ai ku ba ku gane ba, akwai lauje cikin naɗi” shi ake matsa wa a tabarma. Malamin da ya shekara talatin ana sauraronsa, yau ba shi da aji sai zauren WhatsApp, kada ki raina wannan. 'Yan siyasa kuwa sun san kasuwar. Da Buhari ya yi jinyar sama da kwana ɗari a Landan a 2017, Nnamdi Kanu, jagoran masu fafutukar Biyafara, da mabiyansa suka baza cewa ya mutu an sauya shi da wani Jibrin daga Sudan, ana gwada hoton kunne da tafin hannu. Abin ya kai a Disamban 2018 sai da shugaban ƙasa ya tsaya a Foland yana tabbatar wa mutane cewa shi ne da kansa. Na tabbata Abbanki ya yi wa wannan dariya, domin daga ɗaya ɓangaren ta fito. Kowa yana gane ƙaryar da aka yi wa nasa.

Game da yadda za ki yi da shi, daina yi masa musu a gaban ƙannenki, uba ba ya janye magana a gaban 'ya'yansa. Ki same shi shi kaɗai bayan la'asar, ki ce ya ba ki labarin kashe Murtala a 1976, wanda makirci ne na gaske da aka kama masu shi aka yi musu shari'a. Zai ba ki har da sunan Dimka da jawabinsa na rediyo. In ya gama, sai ki ce: “Abba, a wancan an ga mai harbi, an ji muryarsa. A na Maccido wa aka gani?” Ki yi shiru ki bar shi da ita, kada ki nemi ya amsa a ranar. Na korona kuwa, in har ya kai ga hana wani a gidan zuwa asibiti, wannan ya wuce hira, ki nemi amininsa ko ƙanensa ya yi masa magana. Ki gaishe shi, ki ce Kawu ma ya taɓa rantsuwa a kan tuffar Abacha.