Baƙo ya nemi White Negroni, na haɗa ya dawo min da shi

Tambaya: Barka da aiki oga. Ni ina aiki ne a mashayar wani otal a Abuja, Negroni kam na iya shi tun da daɗewa, wato giyar jin (gin) da Campari da jan bamut (vermouth) daidai wa daida. To wani baƙo Bafaranshe ya ce in yi masa White Negroni, sai na cire jan bamut ɗin na sa fari na bar Campari, ya kurɓa sau ɗaya ya turo min kofin ya ce ba shi bane. Don Allah ina kuskuren yake, kuma yaya ake haɗa na ainihin?

Amsa: Sannu ɗan'uwa. Kuskuren ɗaya ne, Campari ɗin da ka bari. A White Negroni jin ne kawai yake zama a wurinsa, sauran biyun duk fita suke yi, kayan Faransa su shigo, Suze a madadin Campari, Lillet Blanc a madadin jan bamut. Shi yasa naka ya fito ja-ja, bawan Allah tun kafin ya kai baki ya riga ya san ba shi bane, domin na ainihin ruwan ɗorawa yake fitowa saboda launin Suze.

Negronin da ka sani ɗan Italiya ne, a Florence aka fara shi wajen 1919. Wannan kuwa yaro ne a kansa, a 2001 wani mai haɗa abin sha ɗan Ingila, Wayne Collins, ya je baje kolin giya na Vinexpo a Bordeaux ta Faransa, ana son yin Negroni sai ya ce bari a gwada da abin da ƙasar ke da shi, aka haɗa jin Plymouth da Suze da Lillet. Daga baya mashayar Pegu Club a New York ta sa shi a jerin abin shanta har ya bazu.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau, don nan ne masu haɗawa da yawa suke faɗuwa ko sun samu kwalaben da suka dace. Ɗacin Suze daban yake da na Campari. Shi Campari akwai zaƙi sosai a jikinsa da ƙamshin bawon lemo, ɗacin yana zuwa ne a lulluɓe. Suze kuwa daga saiwar wani tsiro ake yinsa mai suna gentian, mai furen ruwan ɗorawa da ke fitowa a tsaunukan Auvergne da Jura, tun 1889 ake sayar da shi, kuma ɗacinsa na saiwa ne, akwai ƙamshin ƙasa-ƙasa, ya kama bayan harshe ya ƙi saki kamar shuwakar da ba a wanke sosai ba. Sannan abokin tafiyarsa Lillet ba shi da nauyin jan bamut ko kaɗan, giyar inabi ce ta yankin Bordeaux da aka haɗa da ruwan bawon lemo da ɗan kwinin, a garin Podensac ake yinta, kuma tun gyaran da aka yi mata a 1986 ta ƙara laushi. Kaga kenan idan ka zuba mililita 30, 30, 30 yadda ka saba, Suze zai danne Lillet gaba ɗaya har ka rasa inda take. Collins ɗin kansa daidai wa daida ya fara yi, akwai masu sonsa a haka har yau, amma ni gaskiya ba na baiwa baƙon da ban san bakinsa ba wannan awon.

Awon da nake so ka riƙe shine jin mililita 45, Lillet Blanc 30, Suze 15. Idan baƙon ya ce yana son ɗaci sosai kai Suze ɗin 20 ko 22, kar ka wuce nan sai in shi ya nema da bakinsa. Jin kuma ka ɗauki mai sauƙin kai irin Plymouth ko wani London dry da bai cika kayan ƙamshi ba, masu ƙamshin fure da kokwamba faɗa suke yi da Suze.

Zuba su uku a kofin haɗawa, cika shi da ƙanƙara mai tauri wadda ba ta fara narkewa ba, ka juya da dogon cokali kamar sakan 25 zuwa 30. Kar ka girgiza, babu ruwan lemo a ciki balle ka ce sai an girgiza, girgizawa kumfa kawai za ta sa masa ya yi duhu-duhu ya kuma yi ruwa. Tace shi a gajeren tambulan kan babbar ƙanƙara guda. Bawon lemon zaƙi na Negronin Italiya ne, nan bawon lemon tsami mai ruwan ɗorawa ko na garehul za ka yanka, ka matse shi a saman kofin man ya fesu sannan ka jefa ciki, ka guji farin sashen da ke cikin bawon don shi ma ɗaci ne da shi.

Abin da ke ɓata min rai a mashaya da yawa shine a buɗe Lillet a jera ta kan kantar mashaya cikin zafi tare da su wiski wata da watanni. Giyar inabi ce fa, ƙarfinta kashi 17 ne kawai, da an buɗe ta firij za ta shiga, kuma a yi ƙoƙari ta ƙare cikin wata guda ko makamancin haka, in ba haka ba ɗanɗanon ya mutu komai kyan awonka.

In Suze ya gagara samu, Salers ko Avèze duk na gentian ne na Faransa, sai dai Salers bai kai shi zaƙi ba kuma launinsa bai kai ba, to ka ɗan ƙara Lillet. In Lillet ce babu, farin bamut ɗin Dolin Blanc na garin Chambéry zai riƙe maka wurin, amma ka tabbata blanc ne ba dry ba.

Sai ka kula da wanda kake miƙa wa. Launinsa yana yaudarar mutane su ɗauka lemo ne mai sauƙi, alhali duka ukun barasa ne, haɗin yana kusan kashi 30 kafin ƙanƙara ta sassauta shi. Wanda ya nuna kofin wani ya ce a ba shi irinsa, ka faɗa masa abin da ke ciki tukuna, musamman a wuri irin naku da baƙi da yawa ba sa shan giya.